Ruwan da ke Kiran Agwagi Yana Korar Bareyi

A tsakiyar watan Disamba na 2019 na sauka a birnin Memfis na ƙasar Amurka domin in ziyarci ƙanena, wanda yake aikin binciken ban ruwa a yankin da mutanen can suke kira Delta, a jihar Misisifi. Ba neman labarin farauta ne ya kai ni ba, amma ni jikan maharbi ne, a fadamar Haɗeja na tashi, don haka tun a kan babbar hanya mai lamba 61, wadda ta ɗauke mu daga birnin ta nufi kudu, idona ya kama wani abu. Motoci a-kori-kura da yawa da suke wuce mu suna janye da ƙananan kwale-kwale masu launin busasshiyar ciyawa, wasu kuma direbobinsu suna sanye da huluna ruwan lemo. Da na tambayi ƙanena sai ya ce: "Yaya, ai a tsakiyar kakar farauta ka zo. Masu kwale-kwale agwagi suke bi, masu hular lemo kuma bareyi. Amma dukkansu sai abin da kogi ya ce."

Delta ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, baƙa, mai danƙo, wadda kogin Misisifi ya daɗe yana zuba mata laka tun kafin a san da mutum a wurin. Daga Memfis zuwa Vicksburg tafiya ce da ta haura kilomita 300, kuma a duk tsawonta ido ba ya cin karo da tudu, in ban da 'yan tsibin ƙasa da mutanen asali na ƙasar suka tara a zamanin da, da kuma doguwar jingar da take bin gaɓar kogin kamar ganuwa. Wannan kogi shi ne yake kwashe ruwan kashi 41 cikin ɗari na ƙasar Amurka idan aka cire Alaska da Hawai, daga jihohi 31 da larduna biyu na Kanada. Saboda haka sama tana iya zama garau a kan mutumin Delta, alhali ruwan da aka tafka a kwarin kogin Ohayo kwanaki da yawa da suka wuce yana kan hanyarsa ta zuwa. Mu mutanen Haɗeja ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ba, domin ruwan da yake cin gonakinmu sau da yawa ba a kanmu aka yi shi ba, daga wajen Kano yake gangarowa. A ranar 21 ga Afrilu 1927 jingar ta ɓalle a Mounds Landing, arewa da garin Greenville, ruwa ya mamaye Delta ta kudu, kuma bayan wannan masifa ce gwamnatin tarayya ta damƙa wa rundunar injiniyoyin soja aikin ɗaga jingogin su kai tsayin da suke a yau.

Tsakanin jinga da bakin kogi akwai fili da aka bar wa ruwa, a wasu wuraren siriri, a wasu kuma faɗinsa ya kai kilomita da dama. Ba a cika noma a cikinsa ba, daji ne mai manyan itatuwa, kuma a nan ne ƙungiyoyin mafarauta suke da sansanoninsu, gidaje a kan dogayen ginshiƙai waɗanda sai an hau matakala ake shiga. Bareyin wannan daji, masu farar wutsiya, suna daga cikin mafi girma a jihar saboda kyan ƙasar, amma kuma su ne na farko da ruwa yake tasowa duk lokacin da kogi ya cika.

A kwana na uku ƙanena ya kai ni wurin wani dattijo manomi da suke aiki tare, kusa da garin Rolling Fork. Mutum ne da ya haura shekara saba'in, mai noman waken soya da masara, kuma ya shaida mini cewa tun yana ɗan shekara goma yake bin mahaifinsa dakon barewa. Abu na farko da yake yi kowace asuba, kafin ya sha kofi, shi ne ya ɗauki wayarsa ya duba lambobi biyu: tsayin kogin Misisifi a ma'aunin Vicksburg, da tsayin ruwa a bayan ƙofofin Steele Bayou. Da waɗannan lambobi biyu yake sanin ko zai shiga gona, ko zai shiga daji, ko kuma zai fara kwashe taraktocinsa. A shekarar da na same shi ko ƙwaya ɗaya bai shuka ba.

Ya ɗauke mu a motarsa ya nuna mini dalili da idona. Delta ta kudu kamar ƙwarya take, kuma duk ruwan saman da ya zuba a cikinta yana bin ƙananan koguna, irin su Sunflower da Deer Creek, ya taru a ƙasan ƙwaryar, inda babbar mafitarsa ita ce ƙofofin Steele Bayou da suke buɗewa cikin kogin Yazoo, wanda shi kuma yake zubawa cikin Misisifi. Idan Misisifi yana ƙasa, sai a buɗe ƙofofin ruwa ya fita. Idan kuwa ya cika, dole a rufe su, in ba haka ba babban kogin ne zai kutso ta baya. To, a 2019 Misisifi ya cika ya ƙi sauka, ruwan sama kuma bai fasa zuba a cikin ƙwaryar ba, sai ruwa ya taru a bayan rufaffun ƙofofi har ya rufe sama da eka 500,000, fiye da eka 200,000 daga ciki gonaki ne, ya shiga gidaje sama da 600, ya kuma zauna tun daga Fabrairu har wajen Agusta. Tun 1941 majalisar dokokin Amurka ta amince a kafa manyan injinan da za su riƙa zuƙe wannan ruwa suna tsallakar da shi, amma a 2008 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta hana aikin saboda gudun kada fadamun yankin su ƙafe. Duk inda muka bi na ga alluna a bakin hanya suna kiran a kammala injinan, kuma dattijon yana cikin masu wannan kira da zuciya ɗaya.

Daga nan muka shiga gandun dajin Delta na gwamnatin tarayya, mai faɗin eka wajen 60,000. Ganye ya zube saboda hunturu, don haka dajin a buɗe yake, kuma a jikin kowane itace akwai wani layi da ya raba launin ɓawon gida biyu, ƙasa fari-fari da busasshiyar laka, sama baƙi. Layin ya miƙe daga itace zuwa itace iya ganin ido, kamar da igiyar magina aka ja shi, kuma a wasu wuraren ya wuce tsayin kaina. Ƙarƙashin wannan layi kusan babu komai. Ƙananan tsirrai da sarƙaƙiyar da barewa take ci, take kuma ɓoye 'ya'yanta a ciki, duk sun ruɓe a cikin ruwa.

Dattijon ya daɗe yana ba ni labarin bareyin, kuma na lura a kan wannan magana ce muryarsa take sauyawa. Ya ce barewa ta saba da ambaliya, ta iya iyo, kuma idan ruwa ya zo a hunturu ya yi mako biyu ko uku ya koma, takan hau tudu ta jira, ta dawo gida lafiya. Abin da ya ɓata 2019 shi ne ruwan ya ƙi tafiya. Bareyi suka taru garke-garke a kan jinga da gefen titi da 'yan tudun da suka rage, suka cinye ciyawa har ƙasa, suka koma ganyen itatuwa iya inda wuyansu ya kai, sannan suka shiga 'yan gonakin da ba su nutse ba. Motoci sun kaɗe da yawa da dare. Ya ce ya ga manyan maza waɗanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota, suna tsaye a rana ba sa ko gudun mutum. Mafi muni kuma shi ne lokacin haihuwa. A Delta barbarar bareyi takan yi ƙarfi a watan Disamba, ciki yana ɗaukar kwana wajen 200, don haka haihuwa takan faɗo a Yuni da Yuli, a daidai lokacin da iyayen suka fi rama a shekarar, babu abinci, babu maɓoya, karnukan daji kuma suna kewaya tudun da kowa ya taru a kai. Ya ce da kaka ta zo, kyamarorin da yake ɗaurawa a jikin itatuwa suna ɗauko masa hotunan mata da yawa, amma da wuya ya ga wadda ɗa yake bin ta. Barewar da ba a haifa ba a bana ita ce za a rasa a daji shekara uku ko huɗu masu zuwa, lokacin da ya kamata ƙahonta ya cika.

Akwai kuma wani tsoro da ya ƙaru a kan yunwa. A watan Fabrairu na 2018 aka fara gano wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa a jihar Misisifi, kuma a gundumar Issaquena aka gano ta, wato a tsakiyar wannan yanki da ruwa ya ci. Cuta ce da ba ta da magani, tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, kuma ba abin da take so kamar cunkoson dabbobi a wuri ɗaya. Bayan ruwan ya janye, hukumar kula da namun daji ta jihar ta ware Delta ta kudu a matsayin yanki na daban, ta rage yawan bareyin da aka yarda mutum ya harba a kakar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ƙa'ida da dattijon ya karanta mini daga wayarsa. Hukumar ta ɗaure farauta da ma'aunin kogi: idan Misisifi ya kai ƙafa 43 a Vicksburg, an rufe farauta ke nan a filayen da ke bin wannan sashe na kogin, ba sai wani jami'i ya zo ya yi shela ba, kuma ba za a buɗe ba sai ruwan ya sauka da ƙafa biyu. Sauran sassan kogin suna da nasu ma'aunai, a Memfis da Helena da Greenville, haka ma bayan ƙofofin Steele Bayou. Tsuntsayen ruwa kaɗai aka cire daga wannan hani, domin su ambaliya ba ta kama su. Hujjar ita ce dabbar da ruwa ya kora kan tsibiri ba ta da hanyar gudu, kuma mutum ɗaya mai kwale-kwale da bindiga yana iya ƙarar da garken daji guda a yini ɗaya. Dattijon ya ce ƙa'idar ta sha cinye masa mafi daɗin makonnin kaka, bayan ya biya kuɗin lasisi da kuɗin ƙungiya, amma bai taɓa jin haushinta ba.

Ina sauraronsa sai na tuna wata damina da ruwa ya yi yawa a fadamarmu ina yaro. Akwai wani tudu da ruwa ya kewaye, zomaye da gafiyoyi da gada guda suka maƙale a kai, samarin gari suka shiga jirage da karnuka da gora, kafin azahar ba su bar komai ba. Kakana bai je ba, kuma da aka aiko masa da rabonsa sai ya ce a kai wa maƙwabta. Bai yi wa kowa faɗa ba, ni ma a yau ba na zargin samarin, domin mutumin da ruwa ya cinye wa gero ba za a ce masa ya kawar da kai daga nama ba, kuma maharbin Misisifi ba yunwa ce take kai shi daji ba. Amma a ganina abin da kakana ya ji a ransa shi ne abin da mutanen nan suka mayar lamba a jikin ma'auni, kuma na yi shekaru ban ga gada a wannan fadama ba.

Da yamma muka hau wata 'yar rumfa da aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe a gefen gonarsa, ni da shi, kowa da rigarsa ruwan lemo, wadda doka ta wajabta a kakar bindiga domin kada wani maharbi ya ɗauki mutum dabba. Mun zauna shiru kusan awa biyu cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Dab da faɗuwar rana mata uku suka fito daga bakin daji suna kiwo a kan alkamar da ya shuka musu, bayansu kuma wani namiji mai matsakaicin ƙaho. Ya ɗaga madubin hangen nesa ya daɗe yana kallon su, bindigar tana jingine a kusurwa. Ya raɗa mini cewa shi da 'yan ƙungiyarsu sun yi shawara ba za su taɓa mace ko ɗaya ba a kakar, ko da doka ta ba su dama. Muka sauko bayan duhu ya shiga, matarsa ta soya mana tarwaɗa.

Washegari muka bi ta Onward, inda wani allo yake tuna farautar da shugaba Theodore Roosevelt ya zo yi a 1902, aka ɗaure masa beyar, wata babbar dabbar daji, a jikin itace ya ƙi harbin ta. A Vicksburg kuma muka tsaya a gindin katangar da take kare bakin ruwan garin, inda aka zana tsayin manyan ambaliyoyi, har da ta 2011 wadda ta kai ƙafa 57.1. Sai da na ɗaga kai sosai kafin na karanta lambar.

Labarin agwagi kuwa a jihar Akansas na same shi. Muka haye gadar Greenville, muka nufi arewa zuwa garin Stuttgart, wanda yake kiran kansa babban birnin shinkafa da agwagi na duniya, kuma tun 1936 ake gasar busa kiran agwagwa a cikinsa a ƙarshen kowane Nuwamba. Akansas ce kan gaba wajen noman shinkafa a Amurka, kuma ƙasar wannan yanki tana da taurin yumɓu a ƙarƙashi wanda yake riƙe ruwa kamar kwano. Bayan girbi manoma sukan tare ruwa a gonakinsu, agwagi su sauka su tsinci shinkafar da ta zube, manoman kuma su ba mafarauta hayar wurin. Agwagin daga nesa suke zuwa, daga tafkunan jihohin Dakota da lardunan Saskatchewan da Manitoba inda suke ƙyanƙyasa, su biyo kwarin Misisifi idan ƙanƙara ta rufe musu abinci. Wadda aka fi nema ita ce mai koren kai.

Wani abokin aikin ƙanena, ɗan gidan manoman shinkafa, ya yarda mu bi su mu yi kallo a wani dajinsu da suke sakar wa ruwa. Ƙarfe huɗu na dare muka tashi. Aka ba ni wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ya zo har ƙirji, muka shiga kwale-kwale muna ratsa itatuwa da fitila, na yi sallar asuba a kan dakalin gaban jirgin, sannan muka sauka cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Kowa ya manne da gindin itace, aka ɗaura wa kare wani ɗan dandamali a jikin itace domin kada ya daskare, aka watsa agwagin roba a wani fili da rassa suka buɗe a sama. Da na ga agwagin roban sai burtun kakana ya faɗo mini, kan tsuntsun da yake ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci dabba, domin dabarar ɗaya ce. Doka ba ta yarda a yi harbi ba sai saura rabin awa rana ta fito, kuma na ga mutum uku suna duban agogo, agwagi suna wucewa a kansu, ba wanda ya ɗaga bindiga. Da lokaci ya yi mai busa ya fara kira, sauran suna shurin ruwa da ƙafa domin ya yi motsi kamar ana kiwo a cikinsa. Wani garke ya kewaya sau uku, sannan ya karya fukafukai ya faɗo ta tsakanin rassa kamar an zazzage buhu. Ban taɓa ganin tsuntsu mai wannan nauyi ya sauko a tsaye haka ba, kuma ƙarar iskar fukafukansu ta riga ƙarar bindiga isowa kunnena.

Dokokin wannan harbi suna da yawa, kuma tushensu yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura ce da aka ƙulla a 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada. Kakar kwana 60 ce, ba ta wuce ƙarshen Janairu. Mutum ba ya wuce agwagwa shida a rana, kuma huɗu kaɗai daga ciki za su zama na jinsin mai koren kai. Bindiga ba ta ɗaukar harsashi fiye da uku, an hana harsashin dalma tun 1991 saboda agwagi suna haɗiye shi su mutu, kuma an hana zuba hatsi domin jawo su. Kowane maharbi baligi sai ya sayi wani kan sarki na musamman, wanda aka fara sayarwa a 1934, kuɗinsa dala 25 a lokacin da na je, kuma kusan duk kuɗin yana tafiya wajen saye da kare fadamu.

Agwagwa huɗu kawai suka samu a ranar, su uku. Da muka koma bakin ruwa mai masaukinmu ya zauna a kan gungume ya yi mini bayanin yadda ambaliya take wasa da sana'arsu, kuma a nan na gane cewa zancen da na zo da shi, wai ruwa alheri ne ga mai farautar agwagwa, rabin gaskiya ne. Mai koren kai ba ta nitso, kifa kai take yi ta ɗaga wutsiya sama, don haka abincin da ya wuce zurfin kamu ɗaya ya fi ƙarfinta. Idan kogin White da kogin Cache suka cika a hankali a hunturu suka malala cikin daji, bakin ruwan yana tafiya yana rufe sabuwar ƙasa kowace rana, yana taso da 'ya'yan itacen oak, wani babban itacen dajin can, da tsutsotsi da katantanwa, kuma agwagi sukan bar gonakin shinkafa cikin dare ɗaya su koma can. A irin wannan shekara talakan maharbi mai ƙaramin kwale-kwale, wanda yake farauta a dajin gwamnati, shi ne da riba, wanda ya biya dubban daloli hayar gona kuma ya wuni yana kallon sama. Idan kuwa ruwan ya zo da ƙarfi ya yi zurfi, abincin ya nutse, agwagin su watse cikin faɗin da ba mai iya kewaye shi, hanyoyin shiga daji su yanke, jirage su riƙa kifewa a cikin igiyar ruwa. A shekarar fari kuma sai lissafin ya juya, duk wanda yake da injin ban ruwa shi ne sarki. Game da ƙarancin ranar, shi a ganinsa sanyi ne bai yi ƙarfi a arewa ba, agwagin suna zaune a jihar Misuri suna cin masara.

Daga nan ya kai mu wani gefe na dajin ya nuna mini itatuwan da suke tsaye amma kawunansu sun bushe. Dabarar sakar wa daji ruwa domin agwagi a kewayen Stuttgart aka fara ta a shekarun 1930, kuma sharaɗinta shi ne a saki ruwan bayan itatuwa sun zubar da ganye sun yi barcin hunturu, a kuma janye shi kafin su farka a bazara. Amma mafarauta suna son su tarar da ruwa tun ranar buɗe kaka, don haka aka yi shekaru ana sakin sa da wuri, ambaliyar bazara kuma tana hana shi fita a kan lokaci. Jinsunan oak masu ƙananan 'ya'ya, waɗanda agwagwa take iya haɗiyewa, su ne ba sa jure tsayuwar ruwa a saiwarsu lokacin tsiro, sai su mutu a hankali, wasu itatuwa masu jure ruwa amma marasa amfani ga agwagwa su maye gurbinsu. Ya ambaci dajin Hurricane Lake na gwamnatin jihar, inda itatuwa da yawa suka mutu ta haka. Maganar ta taɓa kaiwa har kotun ƙolin Amurka: hukumar namun daji ta Akansas ta kai ƙarar gwamnatin tarayya saboda yadda aka riƙa sakin ruwan madatsar Clearwater tsakanin 1993 da 2000, wanda ya sa ruwa ya riƙa kwana a dajin kogin Black lokacin tsiro har itatuwa suka lalace, kuma a 2012 kotun ta yanke cewa ambaliyar da gwamnati ta jawo, ko da ta ɗan lokaci ce, tana iya wajabta biyan diyya. 'Ya'yan oak ɗin nan su ne kuma abincin barewa a hunturu, saboda haka itacen da ya mutu asara ce ga maharban biyu.

Ina tsaye a gindin busassun itatuwan nan hankalina ya koma fadamar Haɗeja da Nguru, inda agwagin Turai suke sauka a hunturu su haɗu da kirinjijiya da ɗinya tamu ta gida. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya sauya hali, a wasu wuraren ya daina zuwa, a wasu kuma ya daina tafiya, kachalla ta cika magudanai. Da na ba mai masaukinmu wannan labari ya gane shi nan take, har ya tambaye ni ko ana ƙirga tsuntsayen, na ce masa ana yi, musamman a wajen Dagona.

A hanyar komawa muka ratsa ta St. Charles, a bakin gandun namun daji na kogin White wanda aka kafa a 1935. A allon sanarwar wurin ma ma'aunin kogi ne yake buɗe farautar barewa yana rufe ta, kuma Akansas ta raba dazuzzukanta masu ambaliya shiyya-shiyya, kowace da lambarta.

Na dawo gida kafin shekara ta ƙare. A farkon 2020 ƙanena ya kira ni ya ce Misisifi ya sake cika, an sake rufe ƙofofin Steele Bayou, ruwa kuma ya fara hawa ƙasan gonar dattijon, wata biyar kacal bayan ya janye. Ya ce ya je ya taya shi kwashe taraktoci zuwa tudu, kuma da suka tsaya a bakin hanya suna hutawa, gonar waken soyar da ba a shuka ba ta zama tafki, agwagi sun rufe ta baƙi ƙirin, a cikin lakar gefen jinga kuma ga sawun bareyi sababbi, duk sun nufi sama. Alkamar da ya shuka musu tana ƙarƙashin ruwa, rumfar da muka zauna a kai ƙafafunta sun nutse har rabi.